Sanyi biyu a filin mota ɗaya: abin da hunturu ke yi wa masu sayar da motoci a karkarar Kano da Jigawa

Da zarar Disamba ta kama, abubuwa biyu kan yi ta yawo a wayoyin mutane lokaci guda. Ɗaya shi ne gargaɗin NiMet, hukumar hasashen yanayi, cewa hazo mai kauri zai rufe jihohin arewa na wasu kwanaki. Ɗayan kuma hotunan filayen sayar da motoci ne a Amurka da Kanada, dusar ƙanƙara ta binne motoci sai rufinsu ake gani. Daga nan sai zance ya cakuɗe. Wannan dillali ya ce wa mai saye ya yi sauri, farashi zai tashi saboda ƙanƙara ta hana lodi. Wancan ya ce motar da ta jure sanyin Turai babu abin da hunturun Kano zai yi mata. Manomin da ya sayar da riɗinsa ya zo sayen mota kuwa ya rasa wanda zai gaskata.

Sanyin nan da sanyin can duka suna taɓa wannan kasuwa, amma kowanne da hanyar da yake bi, kuma ba lokaci ɗaya ɓarnarsu ke bayyana ba.

Wane sanyi ake magana a kai?

Hunturu iska ce busasshiya da ke kaɗawa daga arewa maso gabas, daga wajajen ƙarshen Nuwamba zuwa cikin Maris. Mafi yawan ƙurar da take ɗaukowa daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar lallausar ƙasa. Hazo shi ne wannan ƙura idan ta tsaya a sararin sama ta rage nisan da ido ke gani. A ranakun da ya yi kauri ba a ganin abin da ya wuce mita 1,000, wani lokaci ƙasa da haka nesa ba kusa ba, har jirage su kasa sauka a filin Malam Aminu Kano.

Sanyin kansa bai kai yadda jiki ke ji ba. A watan Janairu, ma'aunin zafi kan sauka zuwa wajen digiri 13 da asuba a yankin Kano, wasu ranakun ƙasa da 10, sannan da rana ya haura kusa da 30. Ruwa ba ya daskarewa a lagireto, man dizal ba ya yin kauri ya toshe bututu. Waɗannan matsalolin ƙasashen ƙanƙara ne, inda ma'auni ke faɗawa ƙasa da sifili ya zauna makonni. A can, mai filin mota da shebur da motar ture ƙanƙara yake wayar gari, yana fargabar kada mai saye ya zame ya karye a ƙofarsa, ko nauyin ƙanƙara ya rufto da rufin rumfa. A nan kuwa abokan gabar su ne bushewa, ƙura da rashin gani.

Dalilin da lokacin ya zo a kan gaɓa

Filin sayar da mota a gari kamar Wudil, Ɗambatta, Ringim ko Gumel ba ɗakin gilashi ba ne. Fili ne a bakin titi, wani da katanga, wani da waya kawai, da rumfar kwano inda dillalai ke zama. Motocin da aka fi nema su ne masu aiki: Golf, Sharon, Hijet, Sienna, Kanta, sai Corolla ga mai son ta hawa. Yawancinsu kuma ba na mai filin ba ne. Wani Alhaji ne ya kawo tasa a sayar masa, wani ɗan kasuwa a birni ya turo biyu ko uku, mai fili da dillalansa la'ada suke ci. Wannan batu zai dawo a gaba, domin a kansa rigima ke tashi.

Hunturu kuma yana zuwa ne daidai lokacin da kuɗi ke hannun mutanen karkara. An gama kaka, an sayar da riɗi, zoɓo, shinkafa da wake, masu dabbobi sun kai Maigatari ranar Alhamis. Mai son sayen motar haya da zai riƙa bin kasuwanni a wannan tsakanin yake yunƙurawa. Saboda haka watannin da mai fili ya fi tara motoci, ya fi turo direba Legas, ya fi bari a fita gwaji, su ne watannin da yanayi ya fi haɗari.

Ɓarnar ƙura

Motar da aka wanke da safe, kafin azahar ta koma ruwan ƙasa. Yaron fili ya ɗauko tsumma ya bi ta a bushe don kada mai saye ya zo ya same ta haka. Ƙurar hunturu tana da ƙananan ƙwayoyin yashi a cikinta, goge ta a bushe kamar bin fenti da samfefa ne. Ranar farko ba a ganin komai. Bayan wata biyu, baƙar mota ta dusashe, idan rana ta haska ta sai a ga zane-zane a jikinta. Haka gilashin gaba idan aka kunna waifa babu ruwa, kuma wannan ya fi muni, domin gilashin da ya karce yana watsa hasken fitilar motar da ke tahowa da dare.

Masu fili sun rabu a kan maganin. Wasu wanki suke yi kullum, su ce motar da ke sheƙi ita ke tsayar da mai wucewa. Amma a garin da ake sayen ruwa daga 'yan garuwa, wanke mota goma sha biyar kowace safiya kuɗi ne, ga hannun yaran da ke wankin yana tsagewa. Wasu kuma tamfol suke rufawa. Shi ma idan ba a ɗaure shi tamau ba, iska na kaɗa shi yana gogar fenti da ƙurar da ta shiga ƙarƙashinsa, kuma motar da aka lulluɓe ba ta tallar kanta. Waɗanda suka daɗe a harkar kan tsaya tsakiya: a watsa ruwa kafin tsumma ya taɓa jiki, a rufe masu tsada, sauran a haƙura da ƙurarsu.

Batir kuwa ana ɗora wa sanyi laifinsa fiye da yadda ya kamata. Zafin bazara da dogon zama ba a tayar da mota su ke cinye shi, sanyin asuba tona asirinsa kawai yake yi. Akwai kuma wata al'ada ta makanikai da hunturu ke fallasawa: cire tamostat, wato ƙaramin bawul ɗin da ke hana ruwa zagayawa lagireto sai inji ya ɗumama, sannan a haɗa fanka ta riƙa juyawa ba tsayawa. Ana yi ne don tsoron zafin inji. Sakamakon shi ne da sanyin safiya inji ya daɗe bai kai ɗumin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai ba, ya ƙara shan mai. Mai saye ya gwada ta da hantsi ya ji lafiya lau, sai ya fara sammakon zuwa kasuwa ya ga mai ba ya kai shi inda ya zata.

Wuta

Nan ne asarar da ba ta gyaruwa take. A lokacin hunturu danshin iska kan yi ƙasa ƙwarai, ciyawa ta bushe ƙayau, karan dawa da harawa an tara su a gefen gari, masu farautar ɓera da masu sharar gona suna cinna wa daji wuta. Filin mota a karkara sau da yawa gona ce ke bayansa. Tartsatsi ɗaya da iska ta ɗauko ya isa.

Amma wuta kan tashi daga cikin filin ma, kuma sai an dubi yadda ake aiki a wurin za a gane dalili. Ba a barin mai da yawa a tankin motar sayarwa. Idan mai saye ya ce a tayar, sai maigida ya ce, "Kai, ɗauko galan." Yaro ya zo da fetur a jarka, ya yanke gorar ruwa ya yi mazurari, ya zuba lita ɗaya ko biyu, wani ya zube a ƙasa. Batir mai rai kuma ɗaya ne ko biyu a duk filin, shi ake ciccibawa daga wannan mota zuwa waccan, a danna kan waya da hannu ba a ɗaure ba, tartsatsi na tashi. Fetur a buɗe da tartsatsi a taku uku da juna, sau goma a wuni. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ajiye fetur a jarka ya zama ajiye dukiya, don haka cikin rumfa ko ɗakin maigadi ake kulle shi, wato inda ake kwana.

Sai dare ya yi. Maigadi, galibi dattijo ne, yana zaune a fili cikin jaura daga isha'i zuwa asuba. Dole ya hura wuta. Idan babu itace, guntun taya ko kwali ya samu. Motocin kuma an jera su ƙugu da ƙugu don fili ya ɗauki da yawa, makullansu suna gidan maigida a cikin gari. Ko da an ga wutar da wuri, babu yadda za a janye na kusa da ita. Kano na da ƙananan hukumomi 44, Jigawa na da 27, kuma motar 'yan kwana-kwana ba a kowane gari take kwana ba. Kafin ta iso daga inda take, taya da kujerun soso sun gama ci.

A kan wutar maigadi ra'ayi biyu ne. Wasu masu fili cewa suke a hana gaba ɗaya. Wasu suna ganin dokar da ba za a iya bi ba ce, domin maigida na juya baya za a hura, kuma a ɓoye, a lungun da ya fi haɗari. Su sun gwammace a ware wuri can nesa da motoci, a share ciyawar kewaye, a ba shi kasko da bargo da rigar sanyi, a ajiye bokitin yashi da tukunyar kashe gobara mai hoda. Hujjar ɓangare na biyu ta fi ƙarfi idan aka duba abin da maigadi ke yi in an hana shi wuta. Ko ya shiga ɗaya daga cikin motocin ya tayar da inji ya rufe gilashi, ko ya shigar da garwashi ƙaramin ɗakinsa ya toshe ƙofa. Duka biyun suna iya tara iskar nan mai guba da gawayi da hayaƙin inji ke fitarwa, wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum na barci take kashe shi.

Wani abu da ba kowa ya sani ba: ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi, domin man yana tasowa saman ruwan ya bi shi.

Hanya

Tun ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka motar da ta bi ƙa'ida ta tashar jiragen ruwa take shigowa, mafi yawa ta Legas, ko da yake har yau ana kiran wasu 'yan Kwatano. Daga Legas zuwa Kano tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce. Mai hali ya ɗora a tirela. Ƙaramin dillali kuwa direba yake ba wa ya tuƙo, kuma direban da ake biya kan kowace mota sauri ne ribarsa. Motar bai san ta ba, bai san birkinta ba, tayoyinta waɗanda ta zo da su ne.

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan hazo da hayaƙin ƙunar daji suka haɗu da asuba a hanyar Zariya zuwa Kano, ko ta Wudil zuwa Shuwarin, tsakanin hango tirelar da ta lalace ba alama da isa gare ta daƙiƙu ne kaɗan. Direbobi da yawa kan ƙure fitila suna zaton za su fi gani, alhali hasken dawo musu yake yi daga ƙurar. Fitilar ƙasa da rage gudu su ne abin da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ke nanatawa duk ƙarshen shekara.

Gwaji ma haka yake. Ranar kasuwa ake samun masu saye, ranar kuma titi ke cike da babura, amalanken shanu da masu kora dabbobi. Mai saye yana son ya taka ta ya ji ƙarfinta. Ba a cika samun dillalin da zai ce, "Ranka ya daɗe, mu jira rana ta ɗaga," ba, don yana tsoron kada a tafi filin maƙwabcinsa.

Sanyin can, wanda ke zuwa a ƙarƙashin mota

Maganar cewa motar da ta jure ƙanƙara ta fi ƙarfi, a nan take rushewa. A jihohin arewacin Amurka kamar Mishigan, Ohayo da Niyok, da lardin Ontariyo na Kanada, gishiri ake watsawa a titi duk lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke. Ruwan gishirin nan yana fantsama ƙasan mota shekara da shekaru, ya ci ƙarfe. Sama tana sheƙi, kujeru kamar sababbi, amma shasi, salansa, wurin da ƙafafu ke ɗaure, da siraran bututun man birki duk tsatsa ta kama su. Bututun birkin da ya rube ba ya ba da sanarwa. Ranar da aka yi wa mota lodin buhu aka taka birki da ƙarfi, ranar yake fashewa. Motar da ta fito daga jiha mai ɗumi kamar Kalifoniya ba ta cika samun wannan ba, ko da shekarunsu ɗaya.

Wasu masu shigo da mota kan fesa baƙin fenti a ƙasan don a rufe. Shi ya sa ƙasan da ya yi baƙi ƙirin, sabo fil a tsohuwar mota, abin tambaya ne. Makanikin da ya san aikinsa zai sa a hau rami, ya ɗan ƙwanƙwasa da sukudireba. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi, ruɓaɓɓe kuwa ɓarɓashi yake zubarwa.

Na biyu taya. Akwai tayoyin da aka yi domin ƙanƙara, ana gane su da hoton dutse mai kai uku da ƙwayar ƙanƙara a tsakiya a gefen tayar. Robarsu mai laushi ce, an tsara ta ne don yanayin da bai wuce digiri 7 ba. Zanensu mai zurfi ne, don haka dillali kan nuna su da alfahari, mai saye ya ji daɗi. Cikin hunturu za su yi ta tafiya ba a ga komai ba. Sai Afrilu, kwalta ta ɗau zafi, su riƙa cinyewa da sauri, birki ya ƙara nisa. A gefen kowace taya kuma akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta: 3519 na nufin mako na 35 na shekarar 2019. FRSC tana ɗaukar tayar da ta wuce shekara huɗu a matsayin wadda ta gama aiki.

Na uku, lokacin ƙanƙara lokacin haɗurra ne a can. Motocin da kamfanonin inshora suka ga gyaransu bai biya ba sukan tafi gwanjo a wurare irin su Copart da IAA, kuma daga nan ne 'yan kasuwarmu da dama ke saye, a gyara a Legas ko a Kano. Wannan ba laifi ba ne idan an faɗa wa mai saye. Lambar shasi mai harufa da lambobi 17 tana ba da damar a binciki tarihin motar a intanet, har da jihar da ta zauna.

Shin ƙanƙarar Amurka na tayar da farashi a Gumel?

Kaɗan, kuma ba nan take ba. Guguwa irin wadda ta afka wa jihar Tekzas a Fabrairun 2021 ko birnin Bafalo a Disamban 2022 tana iya tsayar da manyan motoci da gwanjo na kwanaki. Amma tsakanin sayen mota a can da isowarta arewa makonni ne masu yawa, saboda haka motar da ke tsaye a fili yau ta baro tun kafin ƙanƙarar da ake nunawa a waya ta sauka. Canjin dala, kuɗin kwastan da kuɗin man da za a kawo ta su ne ke juya farashi. Idan ya ɗaga a Disamba da Janairu a karkara, yawan masu kuɗin kaka ya fi kusa da zama dalili.

Idan ɓarna ta auku, wa zai biya?

Mutane da yawa suna zaton takardar inshorar da ke cikin mota ta rufe komai. Inshorar dole, wadda hukumar kula da inshora ta NAICOM ta ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida tun Janairun 2023, wanda ka yi wa ɓarna take biya. Ba ta biyan motarka idan ta ƙone a fili. Wannan sai inshora mai faɗi, ko wadda aka tsara musamman don masu sana'ar mota. Masu fili a karkara kaɗan ne ke yi. Wasu tsada suke gani, wasu ba su yarda za a biya su ba idan abin ya faru, wasu kuma shakkar halaccinta suke yi. Masu goyon baya suna nuni da takaful, tsarin da aka gina kan taimakekeniya bisa shari'a, wanda akwai kamfanoni masu lasisi da ke yin sa a Najeriya. Sai dai ofisoshinsu a birane suke, kuma kowace irin inshora tana neman rubutaccen lissafin abin da ke cikin fili, abin da yawancin filayen ba su da shi.

Idan babu inshora, magana ta koma tsakanin mai mota da mai fili. Mai fili zai ce amana aka ba shi, kuma ƙa'idar da malamai ke karantarwa ita ce wanda aka ba amana ba ya ramuwa sai in ya yi sakaci ko ya wuce iyaka. Gobara ƙaddara ce, in ji shi. Mai mota zai ce bai musa ƙaddara ba, amma wa ya ajiye jarkar fetur kusa da kaskon wuta, wa ya bar ciyawa ta kai ƙugu, wa ya tafi da makullai? Wutar dajin da ta tsallako katanga bayan an share kewaye daban take da wadda ta tashi daga rumfar fili. Haka motar da mai saye ya buga wajen gwaji: ya danganta da ko mai ita ya yarda a riƙa fita da ita, da ko an duba lasisin wanda aka miƙa wa makulli.

Mai saye shi ma yana da nasa haƙƙin. A fiƙihu, aibin da ya riga ciniki kuma aka ɓoye shi yana ba da damar mayar da kaya, kuma dokar kare masu saye ta tarayya ta 2018 ta hana yaudara a kan ingancin abin sayarwa. Dillalai kan kare kansu da cewa tsohuwar mota yadda aka gan ta ake sayenta, kuma an ba shi dama ya kawo makanikinsa. Wannan hujja tana tsayawa a kan karcen fenti da batir mai rauni, waɗanda ido ke gani ko kowa ke tsammani. Tana da wuyar tsayawa a kan tsatsar da aka shafe da fenti da gangan.

Ga mutumin ƙauye, tasirin bai tsaya kan mai motar ba. Sharon ɗin da aka saya a Janairu ita za ta riƙa ɗaukar fasinja zuwa Gujungu ranar Lahadi da Wudil ranar Juma'a, da bututun birkinta da tayoyinta yadda suka zo. Kuɗin hawa rami da sallamar makaniki bai kai na taya ɗaya ba.

Irin waɗannan rigingimu galibi a gaban shugaban dillalai ko dagaci ake fara su, in sun gagara a tafi kotun shari'a. Tambayoyin da ake fara yi a can su ne ranar da aka kawo motar, farashin da aka yanka mata, sharaɗin da aka yi a kan gwaji da gadi, da waɗanda suka shaida. A filaye da yawa duk wannan da baki aka yi shi, a tsaye, a bakin titi.